Tambaya kan ɗariƙar Baftis: sai an nutsar da ni cikin ruwa kafin in zama 'yar ikilisiya?

Mai Neman Haske ta rubuta:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka san ɗariƙar Baftis daga ciki, ko suna cikinta har yanzu ko sun taɓa zama suka bari, domin akwai wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma ba na son in yanke hukunci a kansa bayan na ji daga ɓangare ɗaya kawai.

An haife ni a gidan 'yan Angilikan, aka yi mini baftisma ina jaririya, da na yi wayo kuma na shiga ajin koyarwa har bishop ya ɗibiya mini hannu ya tabbatar da ni. Wanda zan aura ɗan Baftis ne tun daga iyayensa, kuma mun amince cewa bayan aure za mu riƙa yin sujada a wuri ɗaya, don kada yaranmu su tashi suna ganin uba ya nufi gabas uwa ta nufi yamma kowace Lahadi. Na jima ina halartar sujadarsu, kuma akwai abubuwan da suka kama zuciyata ƙwarai, musamman wa'azin da yake bin nassi aya bayan aya, da makarantar Lahadi da ake yi wa manya kamar yadda ake yi wa yara. Sai dai da na sami faston na gaya masa ina son a rubuta sunana cikin 'yan ikilisiya, ya ce hakan ba zai yiwu ba sai na ba da shaidar bangaskiyata a gaban jama'a an kuma nutsar da ni cikin ruwa. Ya yi maganar cikin natsuwa da girmamawa, bai ce ni ba Kirista ba ce, amma da labarin ya kai kunnen mahaifiyata ranta ya ɓaci sosai, tana cewa ashe abin da ita da mahaifina suka tsaya suka yi a gaban Allah ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

Abin da nake so in sani shi ne dalilin da ya sa suka riƙe wannan magana da ƙarfi haka, da kuma ko dukan ikilisiyoyin Baftis ne suke da wannan ƙa'ida. Na kuma lura ba su da bishop, to wane ne yake da ta cewa idan rigima ta tashi? Ina roƙon ku gaya mini daɗin zama a cikinsu da wahalarsa ba tare da ɓoye komai ba.

Tsohon Dikin ya amsa:

'Yata, sannu da wannan tambaya, kuma na ji daɗi da kika kawo ta fili maimakon ki shiga ruwa da zuciya biyu. Na tsufa a cikin wannan ɗariƙa, na yi hidimar dikin har ƙarfi ya fara raguwa, saboda haka zan gaya miki yadda muke fahimtar abin, ba da nufin ƙasƙantar da gidan da ya rene ki ba.

Kafin a kai ga maganar ruwa, akwai tambayar da take gaba da ita, wato su wane ne ikilisiya. A fahimtarmu ikilisiya taron mutane ce waɗanda kowannensu ya ji bishara da kunnensa, ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ya kuma furta hakan da bakinsa. Ba a gadon wannan daga iyaye, komai tsoron Allah da suke da shi. Baftisma kuwa ita ce shaidar da mai bi yake bayarwa a gaban jama'a cewa wannan abu ya riga ya faru a cikinsa, jariri kuma bai kai ga samun abin da zai shaida ba tukuna. Idan kika karanta Ayyukan Manzanni sura 2 za ki ga waɗanda suka karɓi maganar Bitrus su ne aka yi wa baftisma, aka ƙara mutum wajen 3,000 a ranar. A sura 8 kuma sai da Filibus ya yi wa ma'ajin nan na Habasha bayanin annabcin Ishaya, sa'an nan shi da kansa ya ga ruwa ya roƙa, su biyu suka gangara ciki. Nutsarwar kuma mun samo ta ne musamman daga Romawa sura 6, inda Bulus ya kwatanta baftisma da binnewa tare da Almasihu da tashi zuwa sabuwar rayuwa. Shi ya sa a ganin fastonku abin da yake nema a gare ki shi ne karo na farko, ba maimaici ba. Na san wannan magana tana da nauyi a kunnen mahaifiyarki, kuma ba zan ce ba ta da dalilin jin zafi ba.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau, domin shi ne mutanen waje suka fi yi mana mummunar fahimta a kansa. Ba mu koyar da cewa ruwa yana ceton kowa. Ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, kuma ɗan fashin da ya tuba a kan gicciye kusa da Ubangiji bai taɓa ruwa ba amma aka yi masa alkawarin Firdausi. Saboda haka idan ikilisiyar Baftis ta ce ba za ta rubuta sunanki ba tukuna, ba hukunci take yankewa a kan matsayinki a gaban Allah ba, tana magana ne a kan ƙofar shiga zumuncinta. Jariranmu ma ba mu yin watsi da su, ana kawo su gaban ikilisiya a yi musu addu'a, iyaye su ɗauki alkawarin renonsu cikin tsoron Ubangiji, sai dai ba a sa musu ruwa.

Game da mulki, gaskiya ne ba mu da bishop. Muƙamai biyu muka sani, fasto da dikin, kamar yadda aka jera halayensu a 1 Timoti sura 3. Kowace ikilisiya ita take kiran fastonta, ita take biyansa, ita kuma take iya sallamarsa. A taron ikilisiya ake karanta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, a nan ake karɓar sabbin membobi, a nan ake horon wanda ya kauce, kuma kowane memba ƙuri'a ɗaya yake da ita. Ikilisiyoyi sukan haɗu a ƙungiyar yanki da babban taron ƙasa domin aikin da ɗaya ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba, kamar aika masu bishara da riƙe makarantun tauhidi da asibitoci, amma bisa ƙa'ida waɗannan ƙungiyoyi shawara suke bayarwa, ko da yake a wasu ƙasashe maganarsu tana da nauyi fiye da wasu.

Na taɓa ganin wani talaka, wanda ko karatu bai iya sosai ba, ya ɗaga hannu a taro ya tambayi inda aka kai kuɗin gini, dole ma'aji ya kawo rasit ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Wannan abu ne da nake alfahari da shi har gobe. Amma na kuma ga taron da aka shiga da rana aka fito da dare babu abin da aka yanke, na ga inda gidaje biyu ko uku suka mayar da ikilisiya tamkar gadonsu, na kuma ga fasto mai gaskiya yana tauna magana a kan bagade domin masu laifin su ne masu ƙuri'ar da za ta iya raba shi da abincinsa. Tsarin yana da kyau gwargwadon yadda mutanen da suke cikinsa suke tsoron Allah.

Ɗalibin Tarihin Ikilisiya ya amsa:

Baba Dikin ya yi bayanin koyarwa yadda ya kamata, ni kuma zan ɗan ƙara daga tarihi, domin ina ganin zai amsa tambayarki ta biyu, 'yar'uwa, wato ko dukansu haka suke.

Ikilisiyar Baftis ta farko ta kafu a birnin Amstadam na ƙasar Holan a shekarar 1609, a hannun wasu Turawan Ingila da suka gudu daga ƙasarsu saboda doka ta tilasta wa kowa bin ikilisiyar gwamnati. Jagororinsu su ne John Smyth da Thomas Helwys. Abin lura shi ne Smyth zuba ruwa ya yi wa kansa, sa'an nan ya zuba wa sauran, nutsarwa ba ta zama ƙa'ida ba sai wajen 1641, aka kuma rubuta ta a cikin shaidar bangaskiyar da ikilisiyoyi bakwai na Landan suka fitar a 1644. Ke nan abin da suka fara tsayawa a kai shi ne wanda ya cancanci baftisma, maganar yawan ruwa ta biyo baya.

Helwys ya koma Ingila da 'yan mabiyansa wajen 1612, ya kuma aika wa Sarki James na ɗaya da rubutu yana cewa sarki mutum ne mai mutuwa, ba shi da iko a kan rayukan talakawansa. Bai nema wa Kiristoci kaɗai wannan 'yanci ba, ya ambaci Yahudawa da Musulmi da waɗanda ake kira 'yan bidi'a, ya ce hukunta mutum saboda addininsa ba aikin mai mulkin duniya ba ne. An jefa shi kurkuku, a can kuma ya mutu. A Amurka, Roger Williams da aka kora daga yankin Massachusetts ya kafa garin Providence a 1636 a kan wannan manufa, ikilisiyar Baftis ta farko a wannan ƙasa ta tsaya a can bayan kimanin shekara biyu. A wurina wannan shi ne mafi kyawun abin da Baftis suka ba duniya, kuma yana da alaƙa kai tsaye da halin da kike ciki, domin mutanen da suka sha ɗauri don kada a tilasta wa lamiri bai kamata su yarda a yi baftisma saboda matsin aure ko kunyar surukai ba.

To, ko dukansu haka suke? A'a, kuma saɓanin tsoho ne. John Bunyan, wani mai wa'azi ɗan Ingila wanda ya yi kimanin shekara 12 a kurkukun garin Bedford saboda wa'azi ba da izini ba, ya yi jayayya mai zafi da wasu 'yan'uwansa yana cewa bambancin fahimta a kan baftismar ruwa bai isa ya hana mai bi na gaskiya zumunci ba. Har yau ikilisiyoyin Baftis da yawa a Ingila suna karɓar wanda aka yi wa baftisma yana jariri bisa shaidar bangaskiyarsa kawai. A Amurka da yawancin ƙasashen da mishan ɗin Amurka suka yi aiki kuwa, nutsarwa kafin shiga ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Haka kuma tun ƙarni na 17 sun rabu a kan ko Almasihu ya mutu domin kowa ne ko domin zaɓaɓɓu, kuma za ki sami ɓangarorin biyu har yanzu, wani lokaci a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ba zan ɓoye miki tabon da yake cikin tarihin ba. Babban taron Baftis na kudancin Amurka ya kafu a garin Augusta na jihar Jojiya a 1845, bayan da 'yan arewacin ƙasar suka ƙi yarda a aika wanda ya mallaki bayi aikin mishan. Sai a 1995 taron ya fito fili ya nemi gafara a kan bauta da wariyar launin fata. Amma a cikin wannan ɗariƙa ɗin dai baƙar fata suka sami wurin da za su mulki kansu, domin tsarin bai buƙaci izinin wani babba daga sama kafin a kafa ikilisiya ba. George Liele, wanda aka haifa bawa, ya fara wa'azi a Jamaika kimanin shekara goma kafin William Carey, sanannen mai aikin mishan na Baftis ɗin Ingila, ya tafi Indiya a 1793. Martin Luther King fasto ne na Baftis, ɗan fasto, jikan fasto. A Najeriya, inda Thomas Bowen, mai aikin mishan na Baftis daga Amurka, ya sauka a 1850, 'yan ƙasa sun fice daga hannun mishan a Legas a 1888 suka kafa tasu ikilisiyar, ƙungiyar da ta zama babban taron ƙasar kuma ta soma a Ibadan a 1914.

Akwai ƙawancen Baftis na duniya da aka kafa a Landan a 1905, amma ba shi da ikon ba kowace ikilisiya umarni. Saboda haka tambayar da za ta fi yi miki amfani ita ce yadda wannan ikilisiya guda da za ki shiga take, kuma amsar tana cikin kundin tsarin mulkinta. Ki roƙa a ba ki, haƙƙinki ne ki karanta kafin ki sa hannu a kan komai.

Ɗan Katikisma ya amsa:

Ina gaishe da Baba Dikin da ladabi, kuma ina neman izini in kawo ɗaya gefen, domin ni ɗan gidan da 'yar'uwarmu ta fito ne, kuma ba na son ta tafi da zaton cewa iyayenta al'ada kawai suka bi babu nassi.

Ayoyin da Baba ya kawo suna magana ne a kan manya da suka shigo daga waje, kuma mu ma idan babba ya tuba sai ya furta bangaskiyarsa kafin a yi masa baftisma. Inda muka rabu shi ne 'ya'yan masu bi. A wannan sura 2 ta Ayyukan Manzanni Bitrus ya ce alkawarin nasu ne da 'ya'yansu. A sura 16 an yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta, haka kuma mai tsaron kurkuku na Filibi da dukan nasa, Bulus ma ya ambaci gidan Istifanas a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa. Na yarda nassi bai ce akwai jarirai a gidajen nan ba, amma bai kuma ce babu ba. A Kolosiyawa sura 2 an ajiye baftisma kusa da kaciya, wadda ake yi wa ɗa a rana ta takwas tun bai san komai ba. Mu a fahimtarmu baftisma alama ce ta abin da Allah ya fara yi, alherinsa ne yake riga amsawarmu, tabbatarwa kuma ita ce ranar da yaron yake ɗaukar alkawarin da bakinsa. Tarihi ma yana da abin faɗa, domin a tsakiyar ƙarni na uku Kifiriyan, bishop na birnin Kartaj a arewacin Afirka, da bishop-bishop na yankinsa sun yanke cewa ba sai an jira rana ta takwas ba kafin a yi wa jariri baftisma, kuma Katolika da Otodoks da Lutaran da Metodis duk a kan wannan suke har yau.

Abin da yake damuna shi ne Afisawa sura 4 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. 'Yar'uwa, idan kika shiga ruwan nan kina faɗa da jikinki cewa ta farkon ba baftisma ba ce. Idan bayan nazari da addu'a kin gamsu da haka, ki yi da zuciya ɗaya, ba zan daina kiranki 'yar'uwa ba. Amma idan a ranki kin yarda an riga an yi miki, to kada ki tsaya a gaban Allah da jama'a ki shaida abin da ba ki gaskata ba don kawai a sami zaman lafiya a gida. Ina tsammanin Baba Dikin kansa ba zai so a kawo masa irin wannan mai neman baftisma ba.

Ina da abokai 'yan Baftis, kuma ina shaida musu cewa talakan cikinsu ya san Littafi Mai Tsarki sanin da yakan ba ni sha'awa. Abin da nake jin babu a sujadarsu shi ne Jibin Ubangiji a kai a kai, domin da yawansu sau ɗaya a wata suke yi, wasu ma sau ɗaya a wata uku, kuma sun ɗauke shi abin tunawa ne kawai. Wanda ya saba da zuwa teburin kowane mako zai ji wannan rashi, gara ki sani tun yanzu.

Uwar Zumunta ta amsa:

'Yata, maza sun yi maganar koyarwa da tarihi, ni zan gaya miki yadda zaman yake ga mace, domin ni ma aure ne ya kawo ni, kuma a nan na haifi 'ya'yana na aurar da su.

Zan fara da alherin, don kada abin da zai biyo baya ya rufe shi. Lokacin da maigidana ya rasu, ikilisiyata ta ɗauke ni kamar yadda uwa take ɗaukar ɗanta. Dikinoni sun bi maganar karatun yarana, matan zumunta ba su bar ni na kwana ni kaɗai ba har sai da na dawo cikin hankalina, kuma ba wanda ya jira umarni daga wani ofishi kafin ya motsa, domin mu da kanmu ne ikilisiyar, kuɗin namu ne, shawarar tamu ce. Yarana sun tashi cikin ƙungiyoyin yara da matasa suna haddace ayoyi suna koyon tsayawa a gaban jama'a, kuma ina ganin amfanin hakan a rayuwarsu yau.

Amma akwai ciwon da na gani da idona. An taɓa tsayar da wata yarinya a gaban taro saboda ta yi ciki ba aure, aka dakatar da ita daga zumunci, ta tsaya tana kuka kowa yana kallo, shi kuwa wanda ya yi cikin, da yake ɗan gidan masu faɗa a ji ne, a ɗaki aka yi maganarsa aka rufe. Matiyu sura 18 ta ce a fara jan kunnen mutum a keɓe, kuma manufar ita ce a maido da shi, amma inda babu wani na sama da za a kai wa ƙara, wanda ba shi da dangi a taro shi ne yakan sha nauyin horo. Na yi magana a ranar, wasu mata suka mara mini baya, daga baya aka gyara yadda ake yin horon. Wannan ma gaskiya ce game da tsarin: ya ba ni bakin magana, kuma an ji.

Wannan 'yancin kai na kowace ikilisiya yana da haɗarin da ya kamata a faɗa a fili. A 2022 wani bincike da babban taron Baftis na kudancin Amurka ya sa aka gudanar ya nuna cewa shugabanni sun daɗe suna samun ƙorafin cin zarafin mata da yara suna kau da kai, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsu shi ne ba su da iko a kan ikilisiyoyi. Saboda haka ki tambaya wane tsari ikilisiyarku take da shi na kare yara, kuma wa ake gaya wa idan wanda ake zargi shi ne fasto.

Maganar matsayin mata ma ba ɗaya ba ce ko'ina. Wancan taro na kudancin Amurka ya fitar da ikilisiyar Saddleback ta jihar Kalifoniya daga cikinsa a 2023 saboda ta naɗa mata fastoci, alhali akwai ƙungiyoyin Baftis a Ingila da Amurka da Afirka da suke naɗa mata. A inda nake, mata ne suke ɗauke da yawancin aikin bishara da ziyara da koyar da yara, amma sai da aka yi doguwar muhawara kafin a zaɓi mace cikin dikinoni. Ki halarci taron ikilisiya ko da sau ɗaya in sun yarda baƙo ya zauna, ki ga su wane ne suke magana, ki ga yadda ake amsa wa gwauruwa da matashi.

Game da ruwan kuwa, ni na jira har sai da na gamsu, ba wanda ya kore ni a tsawon lokacin, kuma ranar da aka nutsar da ni na san abin da nake yi.

Mai Neman Haske ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Mama, da 'yan'uwana biyu. Kun buɗe mini ido a kan abubuwan da ban san zan tambaya ba. Na yanke shawara ba zan ba faston amsa yanzu ba, zan roƙi kundin tsarin mulkin, in kuma zauna da waɗannan surori na gefe biyu in karanta a tsanake. Saura abu biyu, Baba, idan za ku taimaka mini. Shin za a iya ɗaura mana aure a ikilisiyar alhali ban zama memba ba? Kuma a lokacin da nake jira, zan iya cin Jibin Ubangiji tare da su?

Tsohon Dikin ya amsa:

'Yata, shawarar da kika yanke ta yi daidai, kuma Ɗan Katikisma ya faɗi gaskiya da ya ce ba zan so a kawo mini wanda bai gamsu ba.

A kan aure, abin da na saba gani shi ne ana neman ɗayanku ya kasance memba, ɗayan kuma mai bi ne da ikilisiyarsa ta shaide shi, sau da yawa ta hanyar wasiƙa daga limaminsa, sa'an nan ku bi ajin shawara kafin aure. Amma akwai ikilisiyoyin da suka fi haka tsauri, saboda haka ki tambayi faston tun ba a sa rana ba, kuma ki nemi ya nuna miki inda aka rubuta ƙa'idar. A kan Jibin Ubangiji, hanyoyi uku ne a cikinmu. Wasu suna gayyatar duk wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu, wasu sai wanda aka nutsar bisa bangaskiyarsa ko daga wace ikilisiya ya fito, kaɗan kuma membobinsu kawai. Ki saurari kalmomin gayyatar da faston yake faɗa kafin a raba gurasa, amma ya fi kyau ki same shi a keɓe ki tambaya, don kada ki sami kanki cikin damuwa a tsakiyar sujada. Ki kuma tambaya ko suna da tsarin karɓar mutum a ƙarƙashin kulawar ikilisiya ba tare da ƙuri'a ba, domin wasu suna da shi saboda masu irin halinki.

Abu na ƙarshe ya shafi wanda za ki aura. Ki gaya masa in ji ni, shi ya kamata ya je ya gaishe da mahaifiyarki, ya tabbatar mata da bakinsa cewa bai ɗaura aurenku a kan wannan sharaɗi ba, kuma idan faston zai iya raka shi, ya fi.